Ƙofar da Baba Ya Kawo Daga Bakin Teku

Da hannuna na shafa wa ƙofar gidanmu giris gwangwani guda cur, don in kare ta daga ruwan teku. A Tambuwal fa. Wanda ya san garin zai gane girman wautar, domin in ka tashi daga unguwarmu kana neman teku sai ka wuni ka kwana a mota, ƙafafunka su kumbura, kafin ka ji ko warinsa. Ruwa mafi girma da na taɓa gani a lokacin shi ne kududdufin bayan makarantarmu, wanda jakuna ke ratsawa ba su jiƙa ciki ba. Shekarata goma sha biyar, kuma a ganina babu injiniyan da ya kama ƙafata daga Sakkwato har Jega.

Baba gyaran get mai buɗe kansa yake yi a Legas, a unguwannin masu hali da ke bakin ruwa. Irin ƙofar nan ce ta ƙarfe mai tafiya a kan tayoyi, wadda maigida zai danna rimot daga cikin mota, ta ja gefe da kanta kamar ta hango surukinta. Ya ce a can iska ma gishiri gare ta. Takan shiga akwatin inji ta mai da wayoyi kore, ta cinye sukurori, ta kumbura ƙarfe har fenti ya ɓare. Shi ya sa Baba ba ya rasa aiki, shi ya sa kuma ba ma ganinsa sai sau ɗaya a shekara, wata shekarar ma ta zo ta wuce babu shi.

Da wata Babbar Sallah ya sauka da buhu mai nauyi a kafaɗa. Ƙannena suka kewaye shi suna zaton kayan daɗi ne. Da aka kwance sai ga wani tsohon inji, jikinsa duk ramuka kamar wanda ya yi ƙyanda. Wani gida ne suka jefar da shi bayan gishiri ya gama da shi, Baba ya tsince shi, ya yi wata da watanni yana kankarewa yana canza wayoyi har ya tashi. A lungun murfin akwai wani farin abu da ya daskare. Da na ga ba mai kallona na lakata na sa a harshe. Gishiri ne sosai. Iyakar sanina da teku ke nan har yau, amma a makaranta na ce na sha ruwansa, har na bayyana musu bambancinsa da na rijiya.

Kwana uku Baba da mai walda suka yi suna aiki. Suka shimfiɗa dogon ƙarfe a ƙasa wanda tayoyin za su bi, suka ɗaura wa ƙofar wani layin haƙora daga wannan gefe zuwa wancan, injin kuma yana da ɗan ƙaramin giya na roba mai tauri da ke cizon haƙoran yana tura ta. Aka kafa farantin sola a kan katanga, batir a cikin akwati, da wasu idanu biyu ƙanana a ginshiƙai, waɗanda ke hana ƙofar rufewa muddin akwai abu a tsakaninsu. Faɗin ƙofar ya isa tirela ta shiga. Mu kuwa ko keke ba mu da shi. Ƙaramar ƙofar da mutane za su riƙa bi, Baba ya ce sai zuwa na gaba.

Ranar da zai koma ya ba ni dokoki uku, yana kallon ƙofar, ba ni ba. In share hanyar tayoyi kullum, in goge farantin sola, kada in buɗe akwatin inji. Makullin akwatin ma Inna ya ba. Rimot biyu ne. Ya miƙo mini ɗaya, ya jefa ɗayan a aljihun rigarsa, ya ce da Ƙaramar Sallah zai dawo, kuma ba zai yi sallama ba, daga kan kabu-kabu zai danna.

“In ta buɗe, na san an kula da ita,” ya ce.

Ni ne ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba tun da aka raɗa mini shi. “Kai” nake, in kuma yana magana da wani, “yaron ga”. Ƙannena yana ɗaukarsu, yana tambayarsu abin da suke so. Ni in na shigo ɗaki sai ya tuna akwai abin da zai duba a waje. Haka nasa uban ya yi masa, kowa ya san wannan kunyar, ba wanda ke ganin laifinta. Ni ma ban ga laifinta ba. Na dai riƙe maganar ƙofar nan kamar an ba ni ajiyar sarauta.

Bayan tafiyarsa da mako biyu aka mai da Inna aiki asibitin Kebbe. Ta tafi da ƙannena duka uku, ni aka bar ni saboda makaranta, tare da Kaka, mahaifiyar Baba, wadda kunnenta ya yi ritaya tun kafin a haife ni. Sai ka tsaya a gabanta ka yi ihu kamar mai kiran shanu, ta ce a daina yi mata raɗa. Inna takan zo duk bayan mako biyu in hanya ta yarda. Gidan da ya saba da kukan yara da faɗan wa ya sha furar wa, ya koma ni, Kaka, da akuyarta.

Ƙofar ta ƙara wa gidan shiru. Da can ƙyauren langa-langa gare mu, wanda kaza ma ke turewa. Mata su shigo aron turmi, yara su shigo ɗiban wuta, tsofaffin ƙawayen Kaka su zauna tun hantsi har azahar suna gulmar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Yanzu mutum zai tsaya a gaban bangon ƙarfe marar mariƙi ya yi sallama, sallamar ta bugi ƙarfen ta koma masa. In ina makaranta ba mai ji. Akwai maɓalli a jikin bango kusa da ɗakin Kaka, amma ta rantse ba za ta taɓa shi ba, don “aljanin ubanka” take kiran injin. A hankali mutane suka gaji. In na dawo daga makaranta nakan tarar da ita zaune a tabarma tana fuskantar ƙofar, tana tsinkar zogale, akuya na kallonta.

Ni kuwa da farko na ci kasuwata. Yaran unguwa na taruwa, in ɓoye rimot a aljihu, in ɗaga hannu in yi wa ƙofar tsawa da wani yare da na ƙirƙira, ta buɗe. Wani yaro ya gudu ya bar takalminsa, har yau ƙafa ɗaya na nan a gidanmu. Amma abin mamaki ba ya daɗewa. Cikin wata ɗaya suka koma ƙwallo, suka bar ni da aljanina. Da la'asar nakan zauna a kan bulo ina buɗewa ina rufewa, ba don kowa zai shiga ba, don dai in ji ƙarar wani abu a gidan.

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci Baba kan kira. Zai gaida Kaka, ita tana amsa tambayar da ba a yi mata ba, sannan a miƙo mini wayar. Ba ya tambayar karatu, ba ya tambayar ko na ci abinci. Zai ce, “Ƙofa fa?” In ce lafiya lau. Ya ce, “Buɗe in ji.” Sai in kai wayar kusa da akwatin in danna. Da kunne yake gane ciwon inji, kamar yadda Inna ke gane zazzaɓi da tafin hannu. Wani lokaci ya ce akwai tsakuwa a hanyar taya ta baya, in duba, ga ta nan kuwa. Daga nan sai ya zarce da labarin wani inji da ya buɗe a makon, yadda ya tarar da allon wuta ya yi kore kamar gansakuka, yadda ya wanke shi da burushi ya fesa masa maganin da ke hana danshi shiga. Ina jin ƙarar motoci a bayansa, wata rana har da wani shuuu mai zuwa yana komawa, wanda ya ce teku ne. Duk maganar da muka taɓa yi da Baba mai tsawo, a bakin akwatin nan muka yi ta.

A cikin labaran nan ne na tsinci abin da ya kai ni ya baro. Ya sha faɗin cewa a bakin ruwa ƙarfen da ba a shafe da giris ba gawa ne. Ni kuma na ga wani ɗan jan tabo a kan haƙoran ƙofarmu bayan damina, wanda bai kai ƙwayar gero ba. Nan take na ga tsatsa ta cinye ƙofa, ta cinye katanga, ta kama ƙafar akuya. A ɗakin Baba akwai gwangwanin giris da ya bari don ɗan ɗigawa a cikin tayoyi. Na ɗauko, na naɗe hannun riga, na bi haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya na cika su taf. Ƙofar ta yi ta sheƙi, tana tafiya sulu kamar amarya. Kaka ta leƙo ta ce, “Maigida, soya ta za ka yi?”

Lokacin sussuka ne. A filin da ke gefen gidanmu mata ke sheƙar gero, iskar kuma ƙofarmu take nufowa. Ƙaiƙayi ya zo ya manne a giris. Yashin da kabu-kabu ke watsowa ya zo ya samu wurin zama. Gashin akuya ma bai bari an bar shi a baya ba. Cikin mako uku abin da na shafa ya zama wani baƙin tuwo mai tsakuwa, ni kuma da na ga ya bushe sai na ƙara wani a kai. Giyan roba yana ta niƙa wannan tuwo, tuwon yana niƙa shi. Wata Laraba da na dawo daga makaranta na danna, ƙofar ta yi tafiyar taku biyu, ta yi wani kuka kamar jakin da aka taka wa wutsiya, ta tsaya. Na sake dannawa, injin ya yi gurnani ya yi shiru. Na tura da kafaɗa, na ja, na roƙe ta da Hausa da yaren da na ƙirƙira. Ta tsaya a buɗe daidai faɗin mutum ɗaya da tulu a ka.

Juma'a ta zo kamar an turo ta. Baba ya ce, “Ƙofa fa?” Na ce lafiya lau. Ya ce in buɗe ya ji. Na riga na shirya. Na tura kaina cikin bokitin ƙarfe tare da wayar, na fara gurnani da hanci, na ja shi daidai tsawon tafiyar ƙofar, har da ɗan ƙas ɗin da take yi in ta kai ƙarshe. A ganina ko kamfanin da ya ƙera injin ba zai gane ba. Baba yana saurare. Ina jin numfashinsa da hon ɗin motoci. Can ya ce, “To,” ya kashe.

Juma'ar da ta biyo ya gaida Kaka, aka ba ni, ya ce in gaida mutanen gida. Bai tambayi ƙofa ba. Na riƙe wayar ina jira, har na ji ta mutu. Wanda ya fara alwala lokacin da aka miƙo mini ita, bai kai ga wanke fuska ba aka gama. Na zauna a kan bulon nan har inuwar katanga ta rufe ni. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Na lissafa, saura wata uku da 'yan kwanaki Sallah, kuma mutumin nan zai sauko daga kabu-kabu ya danna abin da ke aljihunsa a gaban duk unguwa.

Abin haushi, gidan kuwa ya farfaɗo. Ta wannan 'yar kafa mata suka dawo aron turmi, ƙawayen Kaka suka dawo da gulmarsu daga inda suka tsaya, wata mai ƙosai ma ta mai da tsakar gidanmu wurin hutawa. In rana ta faɗi mu tokare kafar da tsohon ƙyauren langa-langa. Kaka ta yi ƙiba. Ta ce tun da aka haife ni ban taɓa yin aikin kirki kamar kashe aljanin nan ba. Ni kuwa ina zaune a tsakiyar hayaniyar, kowa na dariya, ina ƙirga kwanakin da suka rage Sallah.

Da Inna ta zo ta tsaya ta dubi kafar, ta dubi baƙin tuwon da ke haƙora, ta dubi hannun rigata da giris ya ƙi fita. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta buɗe jakarta ta ciro ɗan makullin, ta ce ita ba ta ga komai ba, kuma ubana bai tambaye ta ba tukuna. Na karya doka ta uku. A cikin akwatin na tarar da fis ya ƙone, da wani ƙadangare da ya kafa iyali a bayan batir. Giyan kuwa haƙoransa sun side kamar bakin Kaka, guda biyu kawai suka rage da siffarsu. Na kwance shi, ƙofar ta saki. Na yi wuni biyu ina wanke layin haƙoran da kalanzir da tsohon burushin baki, har sai da ƙarfen ya fito fes. Fis na samu wajen mai gyaran rediyo. Giya ne babu. Na zaga masu kayan babur da masu kayan injin niƙa, kowa ya jujjuya shi ya ce sai Legas. Mutum ɗaya na sani a Legas.

Inna ce ta tuna da wani tsoho mai zubin tukwane a Kebbe, wanda ta taɓa yi wa wankin ƙuna a ƙafa. Da aka yi hutun ƙarshen mako na bi ta. Mu biyu a bayan kabu-kabu, giyan a aljihuna, hanya tana jefa mu sama tana cafewa. Na tabbata akwai ramin da muka shiga muka fito a wata ƙaramar hukuma. Da muka isa sai da na ƙirga haƙorana na ga ko ni ma sai an yi mini zubi.

Rumfar tsohon tana bayan kasuwa. Yana narka gwangwanayen lemo da fasassun tukwane a wata 'yar tukunyar ƙarfe, yaronsa na juya ƙafar keke da ke hura wuta. In zai yi tukunya sai ya danna tsohuwa a cikin damshin yashi a akwatin katako, ya cire ta a hankali, siffarta ta zauna, ya zuba narkakken ƙarfe a gurbin. Ya karɓi giyan ya duba, ya tambayi abin da ya cinye shi. Na ce teku. Inna ta harare ni, na faɗi gaskiya. Ya yi dariya har da tari, ya kira maƙwabcinsa mai faci ya maimaita masa.

“Ɗan likita,” ya ce, “in na danna wanga haka, giɓi zan zuba maka. Sai ka mayar mashi da haƙoranshi tukuna.”

Ya aike ni wurin mai zuma na samo kaki. Na zauna a gindin rumfar ina murza shi da yatsu, ina gina haƙori ɗaya bayan ɗaya, ina gwadawa da guda biyun da suka tsira. Wuƙar aski ce ma'aikatata. Tun hantsi har la'asar ina abu ɗaya, ƙannena suka zo suka kalle ni suka gaji suka tafi. Tsohon ya sa aka ajiye giyan a cikin randa ya kwana don kakin ya yi tauri. Da safe ya danna a yashi. Zubin farko ya fito da rami a gefe kamar ɓera ya gutsura. Na biyu ya fito cikakke, fari, da zafinsa, sai dai kaushi kamar bayan kada. Ya ba ni aron wani tsohon zarto mai goge ƙarfe, ya ce sauran aikin nawa ne, kuma in na sake ganin teku a Tambuwal in aiko a gaya masa ya zo kamun kifi.

Kwana shida na yi ina gurza. In dawo daga makaranta, in zauna a kan bulo, in goge haƙori, in gwada a jikin ƙofa, in sake gogewa. Ramin tsakiya ya fi ba ni wuya, don sai ya zauna daram a kan sandar injin. Yatsuna suka yi kanta. Ƙawayen Kaka na wucewa ta kaina suna tambayar ko maƙeri aka mayar da ni. Rana ta bakwai na ɗaura, na share hanyar tayoyi, na yi bisimilla na danna. Ta motsa. Tana tafiya tana wani ƙaras-ƙaras kamar mai tauna aya, amma ta kai ƙarshe ta dawo. Na yi ihu na zaga tsakar gida. Ba wanda ya taya ni sai akuya, ita ma tsoro ne ya sa. Kaka ta dubi ƙofar da ta rufe ruf, ta ja tsaki, ta shige ɗaki.

Washegari da na dawo daga makaranta na tarar da ƙofar a wangale, mata cike da gida. Ashe Kaka ta lura cewa ƙofar ba ta rufuwa in akuya ta tsaya a tsakanin idanun nan biyu. Da na fita da safe, kafin ƙofar ta rufe, sai ta mirgino turmi ta ajiye a wurin. Aljanin ya wuni yana jiran turmi ya wuce. Tun daga ranar haka ake yi, sai magariba ake ɗauke shi.

Juma'a Baba ya kira. Kafin ya ce in gaida mutanen gida na kai wayar jikin akwati na danna. Ya saurara har ta tsaya. Ya ce in sake. Na sake. Sau huɗu tana zuwa tana dawowa.

“Haƙoran ga ba nawa ba ne,” ya ce. “Wa ya yi su?”

Na faɗa masa komai, tun daga jan tabon har kakin zuma, ban rage ba, ban ƙara ba, abin da ban saba yi ba. Ya tambayi yadda na daidaita ramin tsakiya. Ya ce in ɗan ɗaga layin haƙoran kaɗan, kaurin kwali, don kada nauyin ƙofar ya hau kan giyan. Ya ce can gishiri ne abokin gaba, nan yashi, kuma abin da ke maganin ɗaya shi ke ciyar da ɗayan. A bushe ake barinsu. Maganar bokiti bai tayar ba. Sai da katinsa ya ƙare wayar ta yanke.

Ana saura kwana biyu Sallah ya kira daga tasha ya ce ya iso. Zafi ake kamar a gasa mutum, ga azumi. Na mirgine turmin Kaka duk da zagin da take yi, na rufe ƙofar, na sa Inna da ƙannena, da suka dawo yin Sallah, suka tsaya a tsakar gida. Ni na manne ido a 'yar tsagar da ke tsakanin ƙofa da ginshiƙi, rimot ɗina a aljihu. Yaran unguwa sun taru a waje. Kabu-kabu ya tsaya. Baba ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Bai sauka ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro nasa, ya ɗaga, ya danna.

Ƙofar ba ta motsa ba. Ya sake dannawa. Ina sauraren injin a gefena, ko numfashi bai yi ba. Wani yaro ya fara dariya. Da na ga babban yatsansa ya sauka karo na uku sai na danna nawa ta cikin aljihu. Ƙaras-ƙaras, ta ja gefe. Yara suka yi shewa, ƙannena suka ruga suka rungume shi, ni na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duban giyan.

A makaranta na ba da labarin cewa tun daga Jega ya danna ta buɗe. Ga yadda aka yi. Bayan an sha ruwa, muna zaune a tabarma, ya ciro rimot ɗinsa ya ɓalle bayansa da farce ya ajiye a gabana. Ciki ya yi kore shar, batirin ya kumbura ya fashe, gishiri ya daskare a kan wayoyin. Ya ce tun cikin damina ya mutu, a aljihun rigar da ya rataye a ɗakinsa. Na tambaye shi to don me ya danna.

“Na ga ƙafafunka ta ƙarƙashin ƙofa,” ya ce. Ya juya wajen Inna. “Yaron ga ya so ya makara.”

Kwana huɗu ya yi. Ya buɗe akwatin ya duba, ya ɗaure sukurori biyu, ya kori ƙadangaren da ya dawo, bai canza giyan ba ko da yake na ga sabo na roba a jakarsa. Ƙaramar ƙofar mutane ba a yi ta ba, mai walda ya tafi ƙauye Sallah. Ya karɓi makullin akwatin daga hannun Inna ya ajiye a kan tagar ɗakina. Mataccen rimot ɗin ya bar shi a nan, na wanke shi da burushi sau uku bai tashi ba. Da Babbar Sallah bai samu zuwa ba. Inna da yara suna Kebbe, turmi yana tsakanin idanu, giyan tukunya yana nan yana aiki, Baba kuma yana kira ranar Juma'a.